Fankar Mota Da Zafin Ƙasar Gobir

Duk wanda ya taɓa shiga mota tsakanin Sabon Birni da Isa da bazara ya san abin da zan faɗa. Ana cikin tafiya sai direba ya ratse gefen hanya, ya kashe inji, ya fita ya ɗaga murfin gaba, sai ka ga tururi ya tashi kamar an buɗe madambaci. Fasinjoji su sauko su nemi inuwar aduwa, yaron mota ya ɗauki jarka ya nufi inda ya ke tsammanin rijiya. In wani dattijo ya ce, "Direba, lafiya?" sai ya amsa, "Lafiya lau, Baba. Fanka ce ta yi mata kaɗan. Da mun isa gari zan sa a ɗaura mata babba."

Wani lokaci gaskiyarsa ne. Sau da yawa kuwa ba nan cutar ta ke ba, sai ya ɓad da kuɗinsa wajen babbar fanka, mako ya kewayo motar ta sake tafasa daidai inda ta tafasa jiya. Abin da na ke so mai karatu ya samu cikin wannan darasi shi ne ya san lokacin da fanka ce da laifi, da lokacin da aka yi mata ƙazafi, kuma in ya tabbata sai an sake ta, ya san yadda a ke yi, don ya tsaya kan makanike da idonsa buɗe.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Da can, tsayawar mota a daji ba ta wuce ɓata lokaci da ƙishirwa. Amma hanyoyin nan sun ga abin da ba su saba gani ba. Cikin watan Disamba na 1921 ba wanda zai yi mafarkinsa, amma cikin Disamba na 2021 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni, kusa da Gidan Bawa, suka ƙone ta, mutum fiye da ashirin suka rasu. Allah ya jiƙansu. Tare ta aka yi, ba lalacewa ta yi ba. Duk da haka wanda ya ji labarin ya san hanyar da aka yi wannan a kanta ba wurin da mutum zai so ya zauna sa'a biyu yana jiran inji ya huce ba ne. Balle kuma in mai naƙuda aka ɗauko za a kai asibiti.

Inda Zafin Ke Fitowa

Inji wuta ya ke ci. Cikin cikinsa akwai ɗakuna, yawanci huɗu, inda fetur ke haɗuwa da iska ya kama da wuta, ƙarfin wutar ya tura fistin, fistin ya juya ƙarfe, har juyin ya kai ga ƙafafun mota. Amma ba duk ƙarfin fetur ke zama tafiya ba. In ka zuba galan uku, kamar galan ɗaya ne kaɗai ke tura mota, in ma ya kai. Ɗaya ya fita ta salansa da hayaƙi. Na ukun kuwa ya shige jikin ƙarfen inji ya zama zafi, in ba a kwashe shi ba sai ƙarfe ya kumbura, baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, fistin ya cije.

Don haka maƙeran mota suka bar hanyoyi cikin jikin inji, ruwa na bi. Akwai famfo mai tura ruwan, ya kewaya ya ɗebi zafi, ya fita ta tiyon sama ya shiga lagireto. Lagireto ba komi ba ne illa ƙananan bututu masu yawan gaske, an jera su, an saƙa siraran fallayen ƙarfe tsakaninsu. Ka ga yadda mai shayi ke yi in shayi ya yi zafi, ya ɗaga kofi sama ya tsiyaya cikin wani, ya mayar, don iska ta taɓa shi ko ta ina? To, aikin lagireto ke nan: ta baje ruwa ya yi faɗi, iska ta ratsa ta ɗauke zafin, ruwan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Maybach shi ya ƙago lagireto mai kama da saƙar zuma, aka ga amfaninta a motar Mercedes ta 1901, kuma har yau dabarar ba ta sake ba, sai dai gyare-gyare.

Abin lura a nan shi ne ruwa ba ya kashe zafi. Ɗan aike ne kurum, ya karɓo daga inji ya miƙa wa iska. In ba iskar da za ta karɓa, sai ya koma da kayansa inda ya fito, ya sake ɗibar wani, har ya tafasa.

Iskar nan kuwa hanya biyu ta ke samuwa. In mota na gudu bisa kwalta, kamar kilomita 60 cikin sa'a ko fiye, iskar da ke dukan gabanta ta isa, fanka ba ta da wani aiki sosai. In mota na tsaye, ko tana jan ciki, to ba wata iska sai wadda fanka ta jawo. Daga wannan za ka fid da hukunci da kanka, ba sai wani ya gaya maka ba. Motar da allurar zafinta ke hawa in an tsaya a tasha ko an shiga yashi, amma da an hau kwalta an taka ta sai allura ta sauko, wannan maganar fanka ce. Motar da ke lafiya lau cikin gari, amma in an miƙa hanya da lodi sai ta yi zafi, wannan ko ka ɗaura mata fankar jirgin sama ba ta warkewa, gama ciwonta na cikin lagireto ne, ko famfo, ko kan inji.

Abin Da Ya Sa Ƙasarmu Ta Fi Wahal Da Fanka

Yawancin ƙananan motocin da ke jigila a wannan yanki, irin su Golf, an ƙera su ne a Turai, sun yi shekaru suna aiki can kafin su biyo jirgin ruwa su sauka Kwatano ko Ikko. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce ruwan da ke shiga lagireto zafinsa digiri 95 ne. A Jamus, ranar da iska ke digiri 20, bambancin da ke tsakani 75 ne. A Sabon Birni kuwa, da azahar ɗin watan Afrilu ko Mayu, iska takan wuce digiri 40. A ce 42 ne, bambanci ya koma 53. Zafin da iska ke iya ɗauka yana bin wannan bambanci ne, watau lagireton da ke sauke kaya goma a can, bakwai kaɗai za ta sauke a nan, ko da sabuwa ce fil.

Sa'an nan ga yashi. Wanda ya bar babbar hanya ya nufi ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima, ko na wajen iyakar Nijar, ya san mota ba ta fita giya ɗaya ko biyu. Inji na kuka iyakar ƙarfinsa, yana ƙona mai kamar ana tsere, ita kuwa motar ko jaki ya so ya wuce ta. Zafi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Ƙara da buhunan gero da albasa da aka labta mata, da mutum tara a wurin mutum biyar. A irin wannan wuri rayuwar inji duk tana hannun fanka. Saboda haka ba na ganin laifin direban Gobir in ya nemi fankar da ta fi wadda Bature ya ɗaura. Laifinsa ɗaya, in ya fara da ita.

Kafin Ka Taɓa Aljihu

Ka fara duba fuskar lagireto. Ka riƙe fitila ta bayanta, ka leƙa ta gaba, in ba ka ga haske yana ratsowa ba, to iska ma ba ta ratsawa. Ƙurar hunturu, da ƙaiƙayi lokacin sussuka, da fara, da laka ta damina, duk nan su ke taruwa su daskare. A wanke da ruwa a hankali daga wajen inji zuwa waje, kada a tsokale da ƙusa, gama fallayen nan sun fi kunnen kuturu saurin lanƙwasa. In motar mai na'urar sanyaya ɗaki ce, akwai wata ƙaramar lagireto gaban babbar, tsakaninsu kuwa nan datti ya fi ɓuya, sai an kwance an raba su kāna a gan shi.

Sai cikinta. Ka taɓa duba gindin butar shayi da ta daɗe, ka ga wani farin ɓawo ya manne? Ruwan rijiya ne ke barinsa. Haka ya ke yi cikin bututun lagireto, su kuwa ramukansu ba su kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba. Ruwan gulbi ya fi muni, don da lakarsa ya ke shiga. In inji ya ɗumama, ka kashe, ka cire kan batir, ka shafa tafin hannunka bisa lagireto a hankali. In ka ji wani gefe da zafi wani da sanyi, gefen sanyin nan ya toshe. A kai wa masu wankin lagireto, in ta ƙi a sake ta. Daga nan kuma a riƙa zuba ruwan sama da aka tace, a gauraya da maganin nan mai launi da a ke sayarwa don lagireto, shi ke hana tsatsa.

Murfi ma ba abin rainawa ba ne, ko da ya ke shi ne mafi arha cikin kayan duka. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Amma in an tushe shi da murfi mai ƙarfi, kamar na mota, sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa. Na sha ganin mota an ɗaure bakinta da leda da tsumma, mai ita kuwa yana ta zagin fanka. Wannan ya zubad da digiri ashirin a ƙasa da hannunsa.

A duba fanbel ko ya saki, a duba tiyon ƙasa ko ya yi laushi har yana tsukewa in an taka mota. Abu na ƙarshe, wanda ba mai son jinsa: in ruwa na raguwa kullum ba a ga inda ya ke zuba ba, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto tun inji bai yi zafi ba, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to gasket ɗin kan inji ya ƙone. Wutar cikin inji ke shiga ruwa. Ba fankar da ke maganin wannan.

In duk an bi waɗannan an ga lafiya, kuma motar na nan da halinta na yin zafi a tsaye, to yanzu mun iso ga fanka.

Fanka Iri Uku Ce

Ta fari ita ce wadda aka ɗaure a jikin inji, bel na juya ta, kamar ta tsofaffin lori da ta Ford ɗin nan ta 1908 da ta cika duniya. Ba ta da wayo ko kaɗan: inji ya yi sauri ta yi sauri, ya lafa ta lafa. Aibinta shi ne sa'ad da aka fi bukatarta, watau mota na tsaye inji na numfashi a hankali, sa'an nan ne ta fi rauni.

Ta biyu ita ma bel ke juya ta, amma an sa mata wani gwangwani a tsakiya mai wani mai kauri a ciki. In iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi sai man ya kama, fanka ta juya da ƙarfi, in ta yi sanyi ya sake ta. Irinta ce a Hilux da Hiace da yawa. In man ya tsiyaye sai ka ga fanka na juyawa, ido ya ce lafiya, alhali kuwa ba ta jan komi. Ga yadda za ka gane: inji a kashe, ka tura fiffiken da yatsa. Mai lafiya za ka ji tana riƙewa, ta tsaya nan da nan. Wadda ta mutu sai ta yi ta walawala kamar ƙafar keke. Makanikai da yawa maganinsu shi ne su ɗaure ta da ƙusoshi ta zama irin ta fari. Yana fid da mutum daga daji, ban musa ba, amma ba abin zama da shi ba ne. Za ta yi ta ruri kamar jirgi, ta ci mai, ta gajiyad da famfon ruwa. Gara a sake gwangwanin, ko a sake zuba masa mansa.

Ta uku ita ce ta lantarki, mai ɗan injinta na kanta, batir ke ba ta wuta. Motocin da injinsu ke kwance a gicciye, kamar Golf, ba su da wata sai ita, don bel ba ya fuskantar lagireto. Akwai wani makunni da aka dasa cikin ruwa, in zafi ya kai wajen digiri 95 sai ya tashe ta, in ya sauka ya kashe. Ita ce ta fi dacewa da yashi, gama ba ruwanta da saurin inji, ko mota na tsaye ƙarfinta ɗaya ne. Tana da wata fa'ida kuma da damina: in za a ratsa ruwa mai zurfi ana iya kashe ta, amma mai bel in ta daki ruwa sai fikafikanta su lanƙwashe su yanki lagireto.

Zaɓen Babba

Fanka da'ira ce, faɗin da'ira kuwa ba ya ƙaruwa kamar tsawon igiya. Ka ninka awon bakinta da kansa, ka gwada. Mai inci 10, goma sau goma 100. Mai inci 14, goma sha huɗu sau goma sha huɗu 196. Watau inci huɗu kaɗai aka ƙara, amma filin da ta ke sharewa ya kusa ninkawa biyu. Saboda haka ka auna lagiretonka da ma'auni kafin ka tafi kasuwa, tsawo da faɗi, da kuma tazarar da ke tsakaninta da inji, ka sayi mafi girman da za ta shiga ba ta taɓa komi ba. In lagireton mai faɗi ce gajera, ƙanana biyu gefe da gefe sun fi babba ɗaya da rabinta ke hura banza.

Sauri kuwa wata magana ce dabam, a nan mutane ke ruɗuwa. In ka ninka saurin fanka biyu, iskar da ta ke ja za ta ninka biyu, amma ƙarfin da ta ke ci zai ninka takwas. Don haka babba mai tafiya a natse ta fi ƙarama mai ihu. Masu sake faifan da bel ke hawa kansa don fanka ta ƙara gudu, su riƙe wannan lissafi.

In za ka saya cikin kayan gwanjo, ko a Sakkwato ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka sa a haɗa ta da batir a gabanka. Ka saurara ko tana gurnani, ka girgiza fiffiken ka ji ko yana da wasa, ka duba gindin ko wane fiffike ko ya tsage. Ka karanta lambar da ke jikinta, ai amfanin karatu ke nan: ta ƙananan motoci an rubuta volt 12, ta manyan motoci da yawa 24. In ka ɗaura mai 24 a ƙaramar mota za ta juya, amma kamar mai jin barci. Kuma ka guji fankar da aka yi wa walda ko aka ƙara wa fiffike a maƙera. In gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da kaɗan ne, sai ta yi ta kaɗawa har ran da fiffike zai ɓalle, lagireto kuwa ita ce kusa.

Kada ka baro gidanta a kasuwa. Gidan fanka shi ne baƙar robar nan mai kama da mazurari da ke rufe bayan lagireto, fanka na zaune cikin bakinsa. Makanikai sun cika jefar da shi don yana hana hannu shiga. Iska kuwa ragguwa ce, hanya mafi sauƙi ta ke bi. In ba gida, fanka sai ta jawo iskar gefe, mai zafin inji, ta yi ta juya ta nan cikin ɗaki, kusurwoyin lagireto huɗu ba su sami komi ba. Ka tuna zugazugin maƙeri: in ba bututun da ke kai iska gindin gawayi, ko yaro ya zuga har hannunsa ya gaji wuta ba ta tashi. Ƙaramar fanka cikin gidanta ta fi babba tsirara.

Gaba Ko Baya

Fanka na iya zama bayan lagireto tana jawo iska, ko gabanta tana turawa. Ta baya ta fi, don ta gaba jikinta na tare iskar hanya. Amma ko ina ta zauna, tilas iskar ta bi hanya ɗaya, daga waje zuwa wajen inji.

Na taɓa shiga wata Golf daga Shinkafi za mu Isa, direban yana ta yabon sabuwar fankar da aka ɗaura masa jiya. Muna tasha ana lodi, inji na aiki, allura na zaune tsakiya, ba laifi. Da muka fita gari ya taka ta kaɗan, sai allura ta fara hawa. Ya rage gudu, ta sauko. Ya ƙara, ta hau. Ya ce, "Wagga mota aljanu gare ta." Muka tsaya, na ce, "Direba, ba ni takardar nan ta hannunka." Na sa ta gaban lagireto, fanka na juyawa, maimakon ta manne sai ta tashi ta faɗa mini a ƙirji. Ashe mai wayarin ya juya wayoyin biyu, fanka na hura iska waje. A tsaye tana ɗan amfani, don iska ko ta ina ta bi ta ɗebi zafi. Amma da mota ta fara gudu sai iskar hanya da ta fanka su yi karo cikin lagireto kamar raguna biyu, ba mai wucewa. Aka juya wayoyi, muka isa Isa allura ba ta motsa ba. Direban bai karɓi kuɗin motata ba, ni kuwa ban matsa masa ba.

Sai dai a lura, fiffike yana da ciki da baya kamar cokali. In ta turawa ce ka mai da ita ta jawowa, juya waya kaɗai bai isa ba, sai an duba ko fiffiken ma yana bukatar a kife shi.

Waya

Nan ne a ke ƙona motoci. Babbar fanka takan ci amfiya 15 zuwa 20, watau ta fi manyan fitilun gaba biyu ci, kuma lokacin da ta ke tashi takan fizgi fiye da haka. Siririyar waya ba ta ɗaukar wannan, sai ta yi zafi, robarta ta narke. Ka sa a jawo waya mai kauri tun daga batir, a sa fis kusa da batir ɗin, mai lamba 30 ya ishi yawancinsu. Fis mai gadi ne, an yi shi don ya mutu a madadin mota. Wanda fis ɗinsa ya ƙone ya naɗa waya ko takardar taba a wurin, ya kori mai gadi ke nan ya bar ƙofa buɗe.

Sa'an nan a sa rile. Rile wani ɗan akwati ne kamar na ashana, mai ƙafa huɗu, an rubuta musu 30 da 87 da 85 da 86. Babbar wuta na shiga ta 30 ta fita ta 87 zuwa fanka. Ƙafafun 85 da 86 kuwa na 'yar ƙaramar wuta ne da ke zuwa daga makunnin zafi. Kamar sarki ne da dogari: makunni ya yi umurni da ƙaramar murya, rile ya ɗauki nauyi. In ba shi, nauyin duka bisa makunni zai sauka, ko bisa wurin makulli, su kuwa ba a yi su don haka ba. Wayar da ke komawa jikin mota a kankare fenti da tsatsa a ɗaure ta tam. A tambayi mai wayarin kuma ko altaneta, wadda tsofaffin direbobi ke kira dainamo, za ta iya ciyad da fanka da fitilu gaba ɗaya da dare, don kada a warkad da zafi a sayo mutuwar batir.

Akwai al'ada biyu da suka zama ruwan dare a garejinmu, duk motar da ta iso daga Kwatano sai an yi mata su. Ɗaya a haɗa fanka darek, da an murɗa makulli ta tashi, ba ta hutawa sai an kashe. Ɗaya kuwa a cire tamostat, watau ɗan ƙarfen nan da ke tsare ƙofar ruwa, ba ya buɗewa sai zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90. Hujjarsu ita ce wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ni ban yarda ba. Inji yana da zafin da ya ke so, kamar jikin mutum. Da asubar hunturu, motar da ba tamostat, fanka kuma na ta hura ta, sai ta yi tafiya mai nisa ba ta ɗumama ba, tana shan mai fiye da kima, ƙarfe na cin ƙarfe. Fankar kuma da aka yi don ta yi aiki ta huta, in an hana ta hutu gawayin cikin injinta ya ƙare da wuri, ta mutu ran da ba a zata ba. Har wa yau a waɗansu injuna tamostat ƙofa biyu ya ke tsaro, in ya buɗe ta lagireto sai ya rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji. In an cire shi, ruwa ya riƙa bin gajeriyar ya bar lagireto, motar ta ƙara zafi maimakon ta ragu. In tamostat ya cije, a jefa shi cikin tafasasshen ruwa a gani, in bai buɗe ba a sayi wani. In kuwa hankalinka bai kwanta da makunnin zafi ba, ka bar shi a wurinsa, ka sa a ƙara maka wani na hannu kusa da sitiyari, ka danna da kanka in za ka shiga yashi.

Gwaji

Kada ka biya makanike ka kama hanyar daji ran nan. Ka tsai da motar a rana nan bakin gareji, ka bar inji na aiki, ka zuba wa allura ido. Ka ga fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci, ta tsaya da kanta, har sau biyu ko uku. Ka gwada takarda. Ka taɓa wayoyi da fis ka ji ko sun yi zafi. Ka hana yara kai hannu, gama fankar lantarki a waɗansu motoci takan tashi ko an zare makulli.

In duk da haka wata rana allura ta kai ja kana hanya, kada ka buɗe murfin lagireto nan take, ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, zai yi tsalle ya saɓule maka fuska da hannu. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi bisa kan inji, yawancin na yanzu da sanholo aka yi su, sai ya karkace ko ya tsage. Ka kashe inji, ka ɗaga murfin gaba, ka juya makulli yadda fanka za ta yi ta aiki in ta lantarki ce, ka jira har ka iya riƙe tiyon sama da hannu. Sa'an nan ka rufa tsumma bisa murfin, ka murɗa rabi, iska ta fita tukuna, kāna ka buɗe. Ka tada inji, ka riƙa zuba ruwa kaɗan kaɗan yana aiki. Jarkar ruwa mai tsabta, da fis biyu, da rile ɗaya, da fanbel, su zauna cikin but kullum, a ƙarƙashin lodi ba a gida ba.